Zauren Iyali: Masu Raɗa wa Ciwo Suna

  

Bara a Maraɗi na halarci wani suna inda aka raɗa sunaye uku a wuni guda. Na farko liman ne ya raɗa wa jariri da sanyin safiya a ƙofar gida, aka yi addu'a, aka raba goro da dabino. Sauran biyun a ɗakin mai jego aka raɗa su bayan azahar, babu liman babu rago: ɗaya aka ba ciwon uwar, ɗaya aka liƙa wa uban. Har yau dangi ba su gama fita daga abin da waɗannan sunaye biyu suka jawo ba.

Yarinyar ƴar dangi ce, kuma haihuwarta ta fari ke nan. Tun da muka shiga ba ta ce uffan ba in ban da amsa gaisuwa. An ajiye mata kunun kanwa har ya huce, in an miƙo mata jaririn sai ta karɓe shi kamar an ba ta ajiyar wani, hawaye na zuba babu sautin kuka. Goggonta ta dube ta ta ce, "Wannan ai iska ce, na sha gaya muku kada a bar ta ta fita tsakar gida da almuru." Wata maƙwabciya ta ce baki ne, domin an yi ta yabon kayan ɗakinta. Sai ƴar baffanta, wadda ta gama karatun lissafin kuɗi a Yamai, ta ɗago kai daga salularta ta ce, "Haba Goggo, wace iska? Wannan dépression ce, kuma ni na san mafarinta. Mijinta pervers narcissique ne, duk alamomin na gan su a wurinsa." Ta kunno mana wani bidiyo da ke lissafa alamomin ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin ya yi tsit, saboda maganar ta zo da Faransanci, kuma a wurinmu abin da ya zo da Faransanci kamar ya zo da hatimi ne.

Mijin tela ne, mutum mai ƙarancin magana, marar son taro. Hujjojin da aka kawo a kansa su ne bai kwana a asibiti ba ranar haihuwa, ba ya hira da surukansa, kuma ya taɓa hana ta tafiya wani biki tana da ciki wata takwas. Kafin magariba maganar ta shiga zauren WhatsApp na dangi, aka fassara wa tsofaffi da cewa masana sun gano mijin mugu ne mai fuska biyu. Kafin arba'in yayyenta maza sun rantse ba za ta koma ɗakinta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a duk waɗannan makonni babu wanda ya kai ta asibiti. Me za a je nema, tunda kowa ya riga ya san sunan ciwon? Ɓangaren Goggo suna hayaƙi, ɓangaren ƴan boko suna cewa rabuwa ce magani, wani kuma ya sayo mata ƙwayoyin barci daga masu tallar magani a faranti. Sai a mako na biyar wata tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya ta zo barka a makare. Ta ja fatar idon yarinyar ta duba, ta buɗe tafin hannunta, ta tambayi yawan jinin da ta zubar wajen haihuwa, sa'an nan ta ce wa uwarta, "Hajiya, yau ɗin nan ku kai ta a auna jini." Aka tarar jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Likitan da ya gan ta daga baya ya zauna da ita ita kaɗai na tsawon lokaci, ya kuma tabbatar cewa bayan ƙarancin jinin akwai baƙin cikin bayan haihuwa na gaske. Ya tambaye ta ko mijinta na cutar da ita, ta ce a'a, abin da ke cin ta shi ne tsoron ba za ta iya riƙon jaririn ba. Aka yi magani, cikin wata uku Allah Ya ba ta sauƙi.

Wani zai ce to ai ƴar baffan ta yi gaskiya, tunda ciwon da ta ambata shi aka samu. Ni kuwa a nan nake ganin haɗarin yake. Ta canki rabi, kuma rabin da ta canka shi ya ba sauran maganarta ƙarfi har aka yanke wa bawan Allah hukunci da shi. A ranar sunan ma babu mai iya tabbatar da komi, domin mata da yawa sukan shiga ƙunci da saurin kuka a kwanakin farko bayan haihuwa, abin ya wuce da kansa kafin mako biyu. Sai ya zarce haka, ko ya yi tsanani, ake maganar ciwo. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji Hausawa, sai dai a wannan karon ƙuƙumin ba a wuyan mai sanin ya ɗaure ba.

Mu tsaya kaɗan mu ga abin da masani ke yi wanda mu ba mu yi. Kafin ya ce ciwon zuciya ne, sai ya fara kore ciwon jiki, domin abubuwa da yawa suna shigowa da rigar damuwa ko ta taɓin hankali alhali tushensu wani wuri ne. Ƙarancin jini yana kawo kasala da faɗuwar gaba. Ƙullutun nan na wuya da ke haddasa maƙoƙo, in aikinsa ya ragu sai mutum ya yi sanyi da mantuwa da baƙin ciki, in ya yi yawa sai rashin barci da rawar hannu da saurin fushi. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau, suna sa sambatu da ruɗewa. Akwai nau'in farfaɗiya da ba ya kayar da yaro, sai dai ya ƙame ya zuba ido na ƴan daƙiƙoƙi, malamin makaranta ya ce rashin hankali ne, uwa ta ce aljanu ne. Saurayin da halinsa ya sauya farat ɗaya, sai an tambayi abin da yake haɗiya, mun kuwa san ɓarnar da tramol ta yi a unguwanninmu. Bayan wannan sai masani ya tambayi tun yaushe, da abin da ya gabata, da tarihin gida, da barci da ci, kuma sau da yawa ba ya yanke magana a zama ɗaya. Mu a zaure muna farawa da amsa, daga baya mu nemo mata hujja.

Ita kanta kalmar da aka jefi telan da ita tana da tarihi. Wani likita Bafaranshe, Paul-Claude Racamier, shi ya fito da ita a rubuce-rubucensa na shekarun 1980, ta kuma bazu cikin jama'a bayan littafin da Marie-France Hirigoyen ta fitar a 1998 kan cin zarafi na ɓoye. Amma ba ta cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da likitoci ke kira karkacewar ɗabi'a kuwa, sai an ga hali guda ya zauna wa mutum shekara da shekaru tun ƙuruciya, a gida da wurin aiki da cikin abokai, kafin a furta shi. Bidiyon minti uku ba ya tambayar komi daga wannan. Yana jero siffofi ne masu faɗi, irin su son a yabe shi, da ƙin amsa laifi, da yin shiru in ya yi fushi, waɗanda in aka auna kowannenmu da su a ranar da ya tashi da ɓacin rai, babu mai tsira. Kuma mai bidiyon da yawan masu kallo yake samun kuɗi, don haka gwargwadon yawan matan da suka ga mazansu a ciki, gwargwadon ribarsa.

Su kansu masu takardar sun taɓa faɗawa wannan rami. A 1964, lokacin zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, wata mujalla mai suna Fact ta aika wa likitocin ƙwaƙwalwa 12,356 tambaya ko ɗan takara Barry Goldwater yana da lafiyar hankalin da zai riƙe mulki. Mutum 2,417 suka amsa, 1,189 daga cikinsu suka ce ba shi da ita, alhali babu wanda ya taɓa zama da shi ya duba shi. Ya kai ƙara, kotu ta ci mujallar da masu ita tarar dala 75,000 ta Amurka. A 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta kafa ƙa'ida cewa bai halatta ɗanta ya yi wa wani sanannen mutum hukuncin ciwo a bainar jama'a ba tare da ya duba shi kuma ya sami izini ba. To in wanda ya shafe fiye da shekara goma yana koyon aikin an ɗaure masa harshe haka, ina ga ni da ke da muka ga mutum sau uku a wurin biki? A Faransa ma, inda yawancin waɗannan bidiyoyi ke fitowa, tun 1985 doka ta hana kowa kiran kansa psychologue sai ya yi karatun shekara biyar a fannin. Shi ya sa za ku ga da yawansu suna kauce wa sunan, su kira kansu masu horarwa ko masu rakiya.

Mu Musulmi bai kamata a koya mana wannan daga waje ba. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da malaman fiƙihu suka gina hukunci a kansa, cewa wanda ya shiga aikin magani ba a san shi da iliminsa ba, lamunin ɓarnar da ta biyo baya yana wuyansa. A shekara ta 319 bayan Hijira, wato 931, wani majinyaci ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, sai Halifa Muƙtadir ya umarci babban likitansa Sinan ɗan Sabit ya jarraba duk masu aikin, aka jarraba fiye da mutum 860, kowa aka iyakance masa abin da zai taɓa. Imamu Malik kuwa, wanda muke bin mazhabarsa, an ruwaito cewa an yi masa tambaya 48 ya amsa 32 da cewa bai sani ba. Aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta hana bin abin da ba mu da ilimi a kansa, aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta gargaɗe mu kan yawan zato. Cewa wane yana da ciwo kaza a ransa, ba tare da sani ba, ya haɗa zato da giba, kuma in ƙarya ne ya zama ƙazafi.

Kada ƴan boko su ɗauka su kaɗai nake nufi, kada kuma su Goggo su ɗauka sun kuɓuta. Ɗabi'a ɗaya ce ta sauya riga. Wadda ta ce iska ce da wadda ta ce bipolaire ce, duka biyun sun rufe ƙofar bincike da kalma guda. Ruƙiya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata gaskiya ce, babu Musulmin da ke musunta ta, kuma ba ta hana zuwa asibiti. Abin da nake ƙi shi ne a tabbatar wa iyali cewa aljani ne ko sammun kishiya ne ba tare da wata hujja ba, har a ce su zubar da maganin likita. Malamanmu na farko ba haka suke ba. Abu Zaidin Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan gyaran jiki da rai, inda ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda ke da sanannen dalili kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum babu dalilin da ake gani, ya ce wannan na biyun tushensa a jiki yake kuma yana bukatar magani. Fiye da shekara dubu ke nan, amma har yanzu muna ce wa mai irin wannan ciwo imaninsa ne ya yi rauni, mu ƙara masa nauyi a kan nauyi.

Na san abin da za a mayar mini, kuma magana ce mai ƙarfi: ina likitocin suke? A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar ta shekarar 2020, a nahiyarmu kusan likitan ƙwaƙwalwa ɗaya ne ke fuskantar mutum miliyan ɗaya. Matar da ke ƙauye ba za ta tashi zuwa Pavillon E na babban asibitin Yamai don tana kuka da dare ba, balle ma sunan wurin kaɗai ya isa ya hana ƙannenta samun miji. In an ce kowa ya kama bakinsa, wa zai saurare ta? Ai tun fil azal goggo da aminiya da malamin unguwa su ne ke ɗauke wannan kaya, kuma da ba su da an ga abin da ya fi haka.

Gaskiya ne, kuma ba na kiran kowa ya janye. A Harare ta ƙasar Zimbabuwe, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya fara wani shiri a wajajen 2006 da ake kira bencin abota. Tsofaffin mata na unguwa ya ɗauko, aka horar da su, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci, mai damuwa ya zo ya zauna da kaka har zama shida. A binciken da aka buga a 2016 kan mutum 573, bayan wata shida kimanin 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne suka rage da alamun ciwon, a ɗaya rukunin kuwa kusan 50 cikin 100. Amma a lura da abin da aka koya wa waɗannan kakanni. An koya musu su saurara, su taimaki mutum ya zaɓi matsala guda daga cikin tarin da ke kansa, ya nemo mafita da bakinsa. Ba sa raɗa wa ciwo sunan asibiti, da harshensu na Shona suke magana, inda ake kiran abin da kalmar da ke nufin yawan tunani. Ba sa ba da ƙwaya, akwai masu duba aikinsu, kuma sun san lokacin da za su ce wannan ya fi ƙarfina, su miƙa shi gaba. Haka a asibitin Fann na Dakar, tun zamanin Henri Collomb da ya fara aiki a can a 1959, aka saba wani ɗan'uwa ya zauna tare da majinyaci a matsayin mai rakiya, domin sun gane dangi rabin magani ne. Mai rakiya dai ba shi ke rubuta takardar magani ba.

Don haka aikin da ya rage mana ba ƙarami ba ne. A zauna da mutum, a bar shi ya yi magana ba tare da an katse shi da labarin wata da ta fi shi wahala ba. A ɗauke wa mai jego jariri ta yi barci. A riƙe sirri, domin abin da ya shiga zauren WhatsApp ya fita daga hannu har abada. In za a faɗi abin da aka gani, a faɗe shi yadda yake: kwana goma ba ta barci, ta daina ci, tana cewa gara ta mutu. Wannan bayani ya fi amfani ga ma'aikacin lafiya fiye da kowane suna da za mu kawo masa. Haka in mace ta zo da kukan miji, ba ta bukatar kalmar Faransanci kafin a ji ta. In yana dukanta a ce yana dukanta, in yana hana ta abinci ko zuwa wurin iyayenta a faɗa, waɗannan abubuwa ne da waliyyi da alƙali za su iya bincika su tabbatar, shi ma a ji ta bakinsa. Sunan ciwo kuwa babu yadda mutum zai kare kansa daga gare shi: in ya yi shiru a ce alama ce, in ya musa a ce ai dama haka suke.

Akwai kuma lokutan da ba a jira ko kwana ɗaya. Mai jego da ta ruɗe, ba ta barci sam, tana jin muryoyi ko tana cewa jaririn ba nata ba ne, wannan ciwo ne da ke samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu, kuma na gaggawa ne gare ta da jaririn. Haka wanda ya ruɗe tare da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya. Haka wanda ya ambaci kashe kansa: kada a ce masa ya yi istigfari kawai a tashi, a tambaye shi kai tsaye cikin tausayi, domin tambayar ba ta cusa masa tunanin, a kawar da guba da igiya da magunguna daga kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti mafi kusa. Maganin wani kuma ba a ba wani. Ƙwayar damuwa da ta yi wa maƙwabciyarki amfani tana iya tayar da wani ciwon ga mai larurar hawa da saukar yanayi, ƙwayoyin barci kuwa in jiki ya saba da su, barinsu farat ɗaya yana iya kawo jijjiga.

Yarinyar nan ta koma ɗakinta bayan wata biyar, da sa bakin limamin unguwa da kakanta na wajen uwa. Yaron yanzu yana tafiya. Telan yana gaishe da surukansa a ƙofar gida kamar yadda ya saba, amma bai sake shiga wani taron danginmu ba, domin wani yaro ya nuna masa abin da aka rubuta a kansa, kuma har yau akwai gidajen da suka daina kai masa ɗinki. Kwanan baya ƴar baffan ta kira ni ta ce, "Inna, na goge saƙon tun tuni, me kuma zan yi?" Na ce mata ta ɗauki mahaifinta su je shagonsa ta nemi gafara, sa'an nan ta rubuta a zauren da ta yi maganar cewa ta faɗi abin da ba ta da ilimi a kansa. Ta ce na farkon mai sauƙi ne, na biyun ne take jin nauyi. Har lokacin da nake wannan rubutu ba ta yi ko ɗaya ba, amma ta ce bayan Salla za ta je.